Fitilun dashbod na tsohuwar mota sun ɗauke: daga ina za a fara nema?

Tambaya: Ina da mota ƙirar shekarun 1970 mai batir bolt 12. Fitilun da ke haska maleji da sauran agogunan dashbod sun fara dishi-dishi, suna kawowa suna ɗaukewa, yanzu kuwa sun mutu gaba ɗaya. Manyan fitilu na aiki, jar fitilar mai da ta caji ma suna kamawa idan na murɗa makulli. Na sake fiyus, ba abin da ya canza. In kwance dashbod ɗin ne in sauya ƙwayayen fitilar?

Amsa: Malam, dakata da kwancewar tukuna. Ƙwayayen fitila shida ko takwas ba sa haɗa baki su ƙone a dare ɗaya. Idan duk sun ɗauke tare, laifin yana wurin da suka yi tarayya ne, kuma wuraren nan ba su da yawa: fiyus da mazauninsa, makunnin fitila, abin rage haske, filogin bayan agogunan, sai haɗin bodi, wato inda wuta ke bi ta ƙarfen mota ta koma batir. Yadda ka ce sun fara da dishi-dishi kafin su mutu ya sa zargina ya fi karkata ga abin rage haske da haɗin bodi, domin tsatsa a hankali take cin wuri. Fiyus kuwa idan ya ƙone, ɗif yake ɗaukewa lokaci guda.

Ka fara riƙe hanyar wutar a ka, don da ita za ka yi aiki. Wuta na tasowa daga batir, ta bi ta fiyus, ta shiga makunnin fitila. Da ka ja makunnin zuwa matakin farko, wato na fitilun fakin, sai ta rabu: reshe ɗaya ya tafi ƙananan fitilun gaba da na baya da na lamba, ɗayan ya bi ta abin rage haske ya isa ƙwayayen dashbod. Daga ƙwayayen sai ta koma batir ta jikin ƙarfen mota. Jar fitilar mai da ta caji ba a wannan hanyar suke ba, daga makulli suke samun wuta, don haka kamawarsu ba ta wanke komai a layin da muke bincike. Manyan fitilu ma nasu layin daban ne, ko da makunninsu ɗaya.

Gwaji na farko ba ya buƙatar kayan aiki. Kunna fitilun fakin, ka zagaya bayan motar. Idan jajayen fitilun baya da ta lamba su ma a mace suke, matsalar tana can kafin inda hanyar ta rabu, wato fiyus ko makunnin kansa, kuma kada ka hau titi da dare sai an gyara, domin wanda ke bayanka ba ya ganin ka. Idan suna ci, ka rage rabin aikin: wuta na isowa makunni kuma tana fita. Sai ka koma ciki, a wuri mai duhu, ka murɗa abin rage hasken daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin, a hankali, idonka na kan maleji. A motocin Amurka da yawa kan makunnin fitilar ne ake murɗawa. A na Turai sau da yawa ɗan maɓalli ne daban a jikin agogunan ko kusa da su. Idan ka ga haske ya ɗan ƙyafta a wani wuri, ko ya kama sai ka kai ƙarshe, ka gano mai laifi. Wasu lokutan ma ba abin da ya lalace, hannu ne ya goge shi ya koma ƙasa.

Kayan da za ka tanada: fitilar gwaji mai ƙwan fitila na gaske a ciki, mitar awon wuta, waya mai tsawon kamar mita ɗaya da maƙalai a bakinta biyu, samfefa mai laushi lamba 400 ko 600, feshin wanke mahaɗar lantarki, da zanen wayoyin motarka na ainihin shekarar. Na sa fitilar gwaji a gaba da gangan. Mita ta zamani kusan ba ta jan wuta, saboda haka ko ta cikin mahaɗa mai tsatsa, ko ta silin waya ɗaya da ya rage, za ta nuna maka 12.4 ka ɗauka lafiya lau. Da ka ɗora wa layin nauyin ƙwayaye takwas sai wutar ta zube. Fitilar gwaji tana jan wuta, don haka idan layin ba shi da ƙarfi za ka ga ta yi ja-ja maimakon ta haska. Duk awon bolt da za ka yi a wannan aiki, ka yi shi fitilu na kunne, layin na ɗauke da nauyinsa.

Batun fiyus da ka ce ka sake bai rufu ba. Maƙala fitilar gwaji a ƙarfe mai tsabta, ka kunna fitilun fakin, ka taɓa bakin fiyus ɗin biyu, sannan ka taɓa maƙalan da ke riƙe da shi su ma, kowanne daban. Sau da yawa fiyus sabo ne fil, amma maƙalin ya yi kore ko ya saki, wuta na tsayawa a nan. Fiyus na gilashi yakan tsinke a can ƙarƙashin hular ƙarfensa inda ido ba ya gani. Na tangaran mai tsinin kai biyu, wanda ke cikin tsofaffin Volkswagen da Mercedes, bakinsa ne ke cinyewa. Launinsa na nuna ƙarfinsa, fari amfiya 8, ja 16, shuɗi 25. Ka murza shi a mazauninsa, ka goge maƙalan, ka ɗan matse su. Akwai kuma abubuwa biyu da ke ruɗa mutane. A motocin General Motors na wancan zamani fiyus biyu ne a layin: na fitilun baya, wanda ke ciyar da makunni, da wani ƙarami mai amfiya 3 zuwa 5 da ke bayan abin rage haske. Wannan ƙaramin ba za ka sami wuta a kowane gefensa ba sai fitilu na kunne kuma an murɗa haske zuwa sama, saboda haka rashin wuta a wurinsa yana nuna maka baya ne, wajen makunni. Na biyu, fiyus ɗin Lucas na motocin Ingila ana rubuta masa adadin da yake ƙonewa ne: mai lamba 35 kimanin amfiya 17 yake ɗauka a kullum. Wanda ya cire shi ya sa na Amurka mai 35 ya ninka abin da wayar za ta sha kafin fiyus ya kare ta.

Yanzu abin rage haske, inda na fi so ka ɓata lokaci. Idan ka cire shi ka duba, za ka ga siririyar waya a naɗe kamar sifirin, tana kwance cikin zoben farin tangaran, da ɗan harshen tagulla da ke gogar ta idan an murɗa. Aikinsa shi ne ya cinye wani kaso na wutar ya mai da shi zafi. Shekara arba'in ko hamsin na zafi da danshi sukan bar naɗin da kore-kore kamar gansakuka, harshen ya yi baƙi, wani lokaci naɗin ya tsinke ko tangaran ɗin ya tsage. Gwajinsa mai sauƙi ne. Nemo wayar da ke shiga da wadda ke fita, ka taɓa kowacce da fitilar gwaji. Wuta na shiga ba ta fita, ko tana fita da rauni ko an murɗa shi zuwa ƙarshe, shi ne. Don ka tabbatar, haɗa bakin biyu da guntuwar waya: idan dashbod ya haske tar, magana ta ƙare. Da mita kuma, bayan ka cire shi daga layi, awon turjiyarsa ya kamata ya tashi daga kusan sifili ya hau a hankali ba tsalle. Idan lambar na ɓacewa tana dawowa, akwai wuraren da harshen ba ya taɓawa.

Gyaransa, idan naɗin bai tsinke ba: fesa mai wankewa, ka goge naɗin da ɗan buroshi mai laushi, ka bi bakin harshen da samfefa sau biyu ko uku kawai, ka ɗan lanƙwasa shi ya ƙara dannawa. Kada ka kankare naɗin da ƙarfi, siriri ne. Idan ya tsinke, ko ka sami wani, ko ka bar haɗin nan na guntuwar waya ya zama na dindindin, da dalma da rufi mai kyau. Fitilun za su riƙa ci da cikakken haske kullum, kuma a tsohuwar mota wannan ba asara ba ce, don dama haskensu bai taka kara ya karya ba. Masu Mercedes W123 sun daɗe suna yin haka. Sharaɗi ɗaya ne: kada haɗin ya tsallake fiyus.

Kafin ka sa hannu a bayan dashbod don cire wani abu, cire kan batir na ɓangaren da ke haɗe da bodi. A can baya akwai wayoyin da ke da wuta kullum ba tare da fiyus ba, musamman idan motar na da agogon amfiya, wanda wutar caji gaba ɗaya ke ratsawa ta cikinsa. Sifana ko zoben hannu ya taɓa wannan da ƙarfe, waya za ta yi ja kafin ka janye hannu. Sai ka gama cirewa, ka tabbatar ba abin da ke taɓa ƙarfe, sannan ka mayar da batir don awo. Launin waya kuma kada ka yi masa zato. Ruwan ƙasa a motar Jamus haɗin bodi ne; a motar Ingila wuta ce kai tsaye daga batir ba fiyus; a General Motors ta fitilun baya ce. Wayar hasken dashbod ja ce mai farin layi a tsarin Lucas, ruwan toka a General Motors, shuɗiya mai jan layi a Ford. A tsarin lambobin Jamus, 30 batir ne, 15 makulli, 31 bodi, 58 fitilun fakin, 58b ko 58d hasken agoguna.

Idan wuta na fita daga abin rage haske da ƙarfinta amma har yanzu duhu, saura haɗin bodi da filogi. A yawancin tsofaffin motoci ƙwan ba shi da wayar komawa tasa. Soket ɗinsa na ƙarfe ne, yana cusuwa cikin ramin gwangwanin agogo, gwangwanin na taɓa dashbod ta sukurorin da suka ɗaure shi, dashbod na taɓa bodi. Ko'ina a wannan jerin tsatsa ko fenti ya shiga, hanya ta yanke. Shi ya sa motar da aka yi wa sabon fenti, ko aka kwance dashbod aka mayar, takan fito da wannan ciwo: fenti ya rufe inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. A motoci masu dashbod na katako ko roba, baƙar waya ce ke bi daga agogo zuwa agogo a ƙarƙashin notin maƙalinsu, noti ɗaya ya saki sai na bayansa duk su mutu. Gwaji: maƙala wayarka a kan batir na ɓangaren bodi, ko a wani ƙarfe mai tsabta, ka taɓa ɗaya bakin a gwangwanin agogo, fitilu na kunne. Haske ya dawo ko ya ƙaru, ka samu. Da mita, sa tsinke ɗaya a gwangwanin, ɗaya a kan batir ɗin: abin da ya wuce bolt 0.2 ɓarna ce. Wasu alamun da ke rakiyar wannan matsala: kibiyar sigina na ɗan haskawa idan ka kunna fitilu, ko allurar fetur da ta zafi su motsa. Wutar ce ta rasa hanyarta take neman ta wasu.

Maganin da ke daɗewa shi ne ka ja sabuwar waya, mai kaurin milimita 1.5, daga sukurun gwangwanin zuwa ƙarfen bodi. Kankare wurin har ya yi ƙyalli, ka sa kan waya mai zobe da washa mai haƙora, ka ɗaure tam, sannan ka shafa ɗan giris a kai don hana tsatsa.

Motoci da yawa daga shekarun 1960 zuwa sama suna da wata takardar roba a bayan agogunan mai layukan tagulla a jiki. Soket ɗin ƙwan na roba ne, ana murɗa shi kwata ya kulle, 'yan kunnuwansa biyu na danna tagullar. Kunnuwan sukan kwanta, tagullar ta dushe. Goge ta da abin goge fensir, ba samfefa ba, don siririya ce ƙwarai, ka ɗan ɗaga kunnuwan da tsinke. Duba inda babban filogi ke shiga, nan ne layukan ke ɓarewa ko su naɗe. Layin da ya ƙone za ka gan shi baƙi, a tsinke. Ana ɗinke shi da siririyar waya da dalma, da hannu mai sauri don kada robar ta narke. Wajen zaro agogunan, kwance wayar maleji daga baya tukuna, kuma idan agogon mai na bututu ne, kada ka tayar da inji bututun na kwance.

Sai yanzu maganar ƙwayaye. Tunda ka riga ka buɗe, gwada kowanne, ka sauya duk wanda gilashinsa ya yi baƙi, domin ƙwan da ya tsufa yana ci amma haskensa ya ragu. Yakan faru ma a ce sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru ba a lura ba, sai na ƙarshe ya tafi. Sa irin wanda ka cire. Motocin Amurka sun fi amfani da ƙwan mai lamba 194 mai gindin gilashi ko 57 da 1895 masu gindin BA9s. Na Ingila da agogunan Smiths, 987 mai gindin murɗawa, wat 2.2, na Jamus da yawa BA7s ko BA9s mai wat 2. Kada neman haske ya sa ka cusa mai wat 5 inda aka tsara wa wat 2. Zafinsa na narkar da korayen hulunan da ke rina hasken da robobin da ke kai shi fuskar agogo, kuma yana ƙara wa abin rage haske nauyi. Lissafin a fili yake: 194 ɗaya na jan amfiya 0.27, takwas sun kai kusan 2.2, wannan aka auna wa layin. Idan hasken ya yi maka kaɗan, fara neman wutar da ke zubewa a hanya, domin ƙwan da ya rasa kashi 10 cikin 100 na bolt ɗinsa yana rasa kusan kashi 30 na haskensa. Wanke cikin gwangwanin, ka sake masa farin fenti idan ya dushe, za ka sha mamakin bambancin.

Idan ka zaɓi LED, ka san halinsa. Yana da gaba da baya, wanda bai kama ba ka juya shi. Motocin Ingila da yawa har tsakiyar shekarun 1960, da Ford kafin 1956, fozitif ne ke haɗe da bodi, sai an nemo LED da aka yi domin su ko wanda bai damu da juyi ba. Tsohon abin rage haske kuma kusan ba zai rage shi ba, don wutar da yake ja ta yi kaɗan. Babban gargaɗi: ka bar ƙwan fitilar caji yadda yake. A altaneta da yawa, 'yar wutar da ke ratsa wannan ƙwan ce ke tayar da caji idan inji ya tashi. Ka sa LED a nan, ko ƙwan ya ƙone, altaneta na iya ƙin caji har sai an taka totur sosai, ko ta ƙi gaba ɗaya. Da inji na aiki, batir ya nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4, idan ya haura 15, abin daidaita caji ya lalace, kuma shi ne ke ƙona maka ƙwayaye a kai a kai.

Akwai yanayin da ya bambanta da naka amma yana iya biyo baya: fiyus na ƙonewa da zarar an kunna fitila. Wannan waya ce ke taɓa bodi. Kada ka ƙara girman fiyus, kada ka naɗa masa waya ko takardar sigari, layin ne zai zama fiyus ɗin, a bayan dashbod, inda ba ka gani. Cire fiyus ɗin, ka haɗa ƙwan sigina mai wat 21 a madadinsa da wayoyi biyu. Muddin taɓawar na nan, ƙwan zai haska sosai; sai ka riƙa cire rassan ɗaya bayan ɗaya, na rediyo, na hita, na abin kunna sigari, na agogon lokaci, na giya, kana girgiza wayoyin. Inda hasken ya faɗi ya koma ja-ja, reshen ke nan. Wurin da na fi ba ka shawarar fara dubawa shi ne bayan rediyo, idan an taɓa sa sabuwa. Wayar hasken tsohuwar rediyo, idan fitilu na kashe, mita na nuna ta kamar haɗin bodi, saboda tana ratsa ƙwayaye zuwa ƙarfe. Mai haɗawa sai ya ɗaura mata baƙar wayar rediyo. Rana ta farko da aka kunna fitila, wutar dashbod ta tafi bodi kai tsaye ta gwangwanin rediyo da eriya, fiyus ya ƙone, wani lokaci har naɗin abin rage haske ya tafi tare da shi. Wasu kuma barin ta suke yi tsirara tana lilo.

Idan kuma bayan gyara ka ga dashbod na haskawa duk lokacin da ka taka burki, laifin na can baya. Ƙwan burki mai zare biyu, 1157 ko P21/5W, ko dai zarensa ɗaya ya faɗo kan ɗayan, ko an cusa mai zare ɗaya a soket mai ido biyu, ko haɗin bodin fitilar bayan ya mutu, wutar burki ta biyo layin fakin ta dawo gaba. Cire ƙwayayen bayan ɗaya bayan ɗaya, wani na taka maka burki, har hasken ya daina.

A taka motar, jerin da zan bi shi ne: fitilun baya, murɗa abin rage haske, fitilar gwaji a maƙalan fiyus, tsallake abin rage haske da guntuwar waya, sannan wayar gwaji daga gwangwani zuwa bodi. Duka biyar ana yin su ba tare da an zaro agogo ko ɗaya ba, in dai hannunka na kaiwa ta ƙarƙashin sitiyari. Idan ka kai ga zarowa, ɗauki hoton bayan agogunan kafin ka cire komai, ka manna wa kowace waya 'yar takarda da sunanta, kuma ka gwada fitilun duka agogunan na kan cinyarka, da wayar bodi a maƙale, kafin ka mayar da sukuru ko ɗaya.